Kiɗan Fiyano Biyu na Steve Reich: Wace Ɗauka Za a Saurara, Kuma Za a Iya Kaɗa Shi a Gusau?

Wani matashi da ke aikin haɗa kiɗa a wani situdiyo a Gusau ya aiko da tambaya. Ya ce ya ci karo da wani kiɗa mai suna Piano Phase a YouTube: mutum biyu, kowa a gaban fiyanonsa, suna maimaita abu guda, amma sautin sai sauyawa yake yi. Da ya ƙara bincike sai ya tarar wata ɗaukar ba ta kai minti 15 ba, wata ta haura minti 20, a wata ma mutum ɗaya ne zaune tsakanin fiyano biyu. Yana son ya san ko eko aka sa a na'ura, wace ɗauka ce ta ainihi, kuma ko shi da abokin aikinsa za su iya kaɗa shi da fiyanon lantarkin da suke da shi.

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Babu eko a ciki, babu wata dabarar kwamfuta. Hannuwa huɗu ne kawai ka ji. Amma zaton da ka yi bai yi nisa da gaskiya ba, domin daga na'ura abin ya samo asali.

Mai kiɗan, Steve Reich, Ba'amurke ne, an haife shi a Niyok a 1936. A 1964 ya ɗauki muryar wani mai wa'azin Kirista a wani dandali a San Faransisko, yana wa'azi kan ruwan ɗufana na zamanin Annabi Nuhu. Ya yanko ɗan guntun tef ɗin, ya haɗa bakinsa da baki ya zama zobe mai ta zagayawa, ya yi kwafi biyu, ya ɗora kowanne a rikodarsa. Rikodojin nan ba su taɓa yin gudu daidai wa daida, don haka muryoyin suka tashi tare, sannan ɗaya ta fara zamewa gaba a hankali, har ta zagayo ta sake cim ma 'yar'uwarta. Da wannan dabara ya yi It's Gonna Rain a 1965 da Come Out a 1966. Bayan haka ne ya so ya ga ko ɗan Adam zai iya yin abin da injin ya yi. Ya ɗauki kansa a tef yana kaɗa wani ɗan gajeren zubi, ya kunna, ya zauna yana kaɗawa tare da tef ɗin yana ɗan ƙara sauri, ya ga abin yana yiwuwa. A farkon 1967 shi da abokinsa Arthur Murphy suka kaɗa shi a gaban jama'a da fiyano biyu a Jami'ar Fairleigh Dickinson da ke jihar New Jersey.

Kiɗan kashi uku ne. Zubin da aka gina kashi na farko a kansa bugu 12 ne, daga maɓallai biyar kacal, ga jerin sunayensu yadda ake buga su: E, F#, B, C#, D, F#, E, C#, B, F#, D, C#. Ka zauna ka gwada yanzu. Za ka ga hannun hagu yana zagaya farare uku, E, B, D, hannun dama kuma yana kai da komo tsakanin baƙaƙe biyu, F# da C#, hagu ya buga, dama ya buga. Uku da biyu ba sa haɗuwa sai bayan bugu 12, shi ya sa ɗan zubin nan ba ya saurin gundurar kunne. Makaɗi na farko zai fara shi kaɗai. Na biyu zai shigo a hankali, su zama kamar mutum ɗaya. Daga nan na farko zai riƙe gudunsa, na biyu ya ƙara sauri kaɗan-kaɗan har ya wuce shi da bugu ɗaya, sai ya koma gudun farko su zauna a nan na wani lokaci. Ya sake zamewa, ya sake zama. Sau 12 ke nan kafin su dawo inda suka fara. Kashi na biyu zubi ne mai bugu 8, kuma a nan kowa da nasa zubin. Kashi na uku bugu 4 ne, A, B, D, E, yana wucewa da sauri.

To ka ga bambancinsa da eko. Eko tazara ɗaya yake ba ka, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. In ma ka buɗe layi biyu a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio ka bambanta gudunsu kaɗan, za ka sami zamewa, amma zamewa ce mai tafiya ɗaya da ba ta tsayawa ko'ina, irin ta rikodojin 1965. Mutane kuwa sukan zame, su kama, su zauna, su sake saki. Wannan kamawa da sakewar ita ce kiɗan, kuma da ita ake auna kowace ɗauka.

Ina son ka fahimci abin da ke faruwa a cikin zamewa guda ɗaya, domin in ka gane shi ba ka bukatar wani ya zaɓa maka faifai. Da farko sautin zai yi kauri, kamar fiyano ɗaya a cikin babban ɗaki mai amsa-kuwwa. Tazarar na ƙaruwa sai ka fara jin kowane bugu sau biyu. Idan aka kai tsakiya cif, bugun na biyu yana faɗawa daidai cikin ratar da na farko ya bari, kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, taɓaryar wannan na sauka a lokacin da ta waccan take sama. A nan sai ka ji kamar gudun kiɗan ya ninka, alhali ba wanda ya ninka komai. Daga nan abin zai ɗan hargitse, sannan ya faɗa cikin sabon zama. Makaɗan da suka ƙware sukan daɗe a wannan tsakiyar, su bar ka ka ji ta. Waɗanda tsoro ya kama sukan yi tsalle su wuce ta cikin zagaye ɗaya ko biyu don su tsira. Kana iya samun bidiyo mai kyan hoto, fiyano masu tsada, sauti tas, amma duk zamewar tsalle ce. Ni ba na ƙirga irin wannan a cikin masu kyau. Gara mini ɗaukar ɗalibai biyu a aji da wayar hannu, in dai sun yi haƙuri a tsakiyar.

Wuraren zaman ma kowanne da ɗanɗanonsa, kuma za ka iya lissafa su da takarda da biro. Idan tazarar bugu ɗaya ce, ko uku, ko biyar, farin maɓallin wannan yana haɗuwa da baƙin wancan, har C# ta gamu da D, maƙwabta na jikin juna, sautin ya yi tsami. Idan tazarar huɗu ce ko takwas, baƙaƙen biyu suna faɗawa tare, fararen ne ke saɓawa. A ta shida kuwa, wato rabin tafiya, fararen duka sun haɗu, F# kuma tana gamuwa da C#, sai ka ji abin ya buɗe ya yi fili. Bayan ta shida haɗe-haɗen da ka ji a baya ne ke dawowa, sai dai makaɗan sun yi musayar matsayi. A cikin waɗannan zaman za ka riƙa jin wasu ƙananan waƙoƙi suna fitowa, wata a sama wata a ƙasa, waɗanda babu wanda ke kaɗa su a cikin mutum biyun. Haɗuwar ce ke haifar da su, kunnenka kuma yana tsinto su. Gobe in ka sake saurare wata daban za ka tsinta.

Batun tsawo kuma, kar ya dame ka. A takardar kiɗan, wadda kamfanin Universal Edition ke bugawa, Reich bai ƙayyade yawan maimaici ba. A kowane mataki ya rubuta mafi ƙaranci da mafi yawa, ya bar wa makaɗa zaɓi. Saboda haka gajeriyar ɗauka da doguwa duk suna iya zama daidai. Babu wadda za a ce ita kaɗai ce ta ainihi.

Amma akwai wadda zan ce ka fara da ita: ta Nurit Tilles da Edmund Niemann, waɗanda ke kiran kansu Double Edge, a faifan Early Works da kamfanin Nonesuch ya fitar a 1987. Su biyun sun daɗe a cikin ƙungiyar makaɗan Reich, a hannunsa suka san abin da yake nufi. Ɗaukar tana kai kimanin minti 20, ba gaggawa, ba ado, ba wanda ke neman a ce shi ne gwani. Wata fa'idar faifan ita ce It's Gonna Rain da Come Out da Clapping Music duk suna ciki, ka ji abin a bakin inji sannan ka ji shi a hannun mutane. Idan ta zauna maka a kunne, nemi ta Maki Namekawa da Dennis Russell Davies, mata da miji, wadda ta fito a kamfanin Orange Mountain Music tare da kiɗan Philip Glass, da kuma ta ƙungiyar Ensemble Avantgarde ta Jamus a kamfanin Wergo. Ka gwama zamewar farko ta kowacce da ta 'yar'uwarta, ita kaɗai, ka maimaita sau da yawa. Za ka koyi abin da ya fi duk bayanina.

Batun mutum ɗayan da ka gani tsakanin fiyano biyu, ga yadda abin ya faro. A 2004 wani ɗalibi mai suna Rob Kovacs ya yi haka a makarantar kiɗa ta Baldwin Wallace a jihar Ohio, Reich yana cikin masu kallo. Daga baya wasu suka biyo, har da Peter Aidu na Rasha, wanda bidiyonsa ya yawata sosai. Kowane hannu shi kaɗai yake ɗaukar zubin gaba ɗaya, ɗaya kuma yana tsere wa ɗaya. Bajinta ce ta gaske, ba na raina ta. Sai dai a wurina an rage wani abu mai muhimmanci. Daɗin kiɗan nan yana cikin jayayyar mutum biyu da ke sauraren juna, ɗaya yana ja ɗaya yana turjewa, kowa bai san takamaimai lokacin da ɗan'uwansa zai kama ba. Kai ɗaya ba ya jayayya da kansa irin wannan. Haka nan ɗaukar Mahan Esfahani ta 2015 a kan hafsikod, kakan fiyano mai tsinkar tsirkiya maimakon bugunta: ya ɗauki layi ɗaya ne ya ɗora na biyu a kai. Sautin yana fita ƙwaya-ƙwaya, yana da amfani ga mai son ya ga ƙashin kiɗan. Reich ya kuma yarda a kaɗa shi da marimba biyu, wato abin kiɗa mai jerin katakai da ake bugawa da sanduna. Akwai ma rawar da Anne Teresa De Keersmaeker ta Beljiyam ta tsara a kansa a 1982, inda masu rawa biyu ke juyi ɗaya, ɗaya tana zamewa gaban ɗaya. Mai wahalar ji da kunne yakan gane da ido a nan.

Duk wadda za ka saurara, sa iyafis a kunne biyu. Sifikar waya takan haɗe hagu da dama wuri ɗaya, fiyano biyun su cakuɗe. Kuma ka guji kwafin da ya sha tafiya daga wannan waya zuwa waccan an matse shi, domin kaifin kowane bugu ne ke lalacewa, da shi kuma ake jin zamewar.

Za ka ji wasu na cewa daga Afirka Reich ya kwaso wannan. Maganar tana bukatar gyara. Gaskiya ne tun kafin 1967 ya karanta littafin A. M. Jones na 1959 kan kiɗan Afirka, wanda ya rubuta kiɗan gangunan Ewe na Gana dalla-dalla, kuma zagayen bugu 12 mai uku a kan biyu ba baƙo ba ne a Afirka ta Yamma. Amma sai 1970 ya taka ƙasar Gana, shekara uku bayan Piano Phase. Ya yi karatu a Jami'ar Gana da ke Legon a hannun makaɗin Ewe Gideon Alorwoyie, zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya koma gida bayan mako biyar, ya rubuta Drumming a 1970 zuwa 1971. Shi da kansa ya sha faɗin cewa tafiyar tabbaci ta ba shi kan hanyar da ya riga ya ɗauka. Zamewar dai ta rikoda ce. Saurari makaɗan kotso na Musa Ɗankwairo Maradun, ko kalangun Kassu Zurmi. Za ka ji ana saƙa bugu cikin bugu, wani ya riƙe wani ya yi ado a kai, amma kowa a kulle yake da ɗan'uwansa. Yaron da ya fara zamewa gaba a irin wannan ƙungiya harara zai sha daga ubangidansa. Wannan yana da muhimmanci gare ku, domin kunnen da muka tashi da shi kunnen kamawa ne. Zai taimake ku a wuraren zama, za ku fi Turawa da yawa jin daɗinsu. A wurin zamewa kuwa zai yi ta janyo ku ku koma ku haɗe da juna, sai kun yi da gaske.

Za ku iya kaɗa shi a Gusau? Ƙwarai kuwa. Duk kiɗan a tsakiyar fiyano yake, don haka Yamaha PSR mai maɓallai 61 ya ishe ku. Da wuya ka sami fiyanon katako biyu a zaure ɗaya a Zamfara ko Kebbi, in ma an samu, bushewar hunturu takan sa tsirkiyoyi su saki, dole a saita biyun tare rana ɗaya, in ba haka ba wurin da ya kamata su zama murya ɗaya sai ya yi ta rawa. Na lantarki ya hutar da ku wannan. Ku tabbatar saitin muryar duka biyun yana kan 440, ma'aunin da aka saba saita fiyano a kai, ba wanda aka ɗaga ko aka sauke wa murya. Ku zaɓi sautin fiyano tsantsa, ku kashe gangunan da ke bin mai kiɗa, ku kashe eko gaba ɗaya, ku cire ƙafa daga feda. Kowane bugu a rabe yake da na bayansa, kuma ba da ƙarfi ake kaɗawa ba. Kowa da sifikarsa, ɗaya hagu ɗaya dama, a inda kowannenku zai ji ɗan'uwansa fiye da yadda yake jin kansa. In janareta za ku tayar, a kai shi nesa. Batir da sola sun fi dacewa da wannan aiki.

Kar ku fara da zamewa. Kowa ya tafi ya kaɗa zubin shi kaɗai har ya iya yin hira yana kaɗawa, har hagu da dama su yi nauyi ɗaya, mai saurare ya kasa gane wane hannu ya buga wane. Gudun da aka rubuta yana kai kusan bugu bakwai a daƙiƙa, amma ku fara da rabin haka. Sannan ku koyi wuraren zama 12 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ba tare da zamewa ba: ku tsaya, ku shiga a tazarar bugu ɗaya, ku zauna ciki har kunnenku ya haddace yadda take, ku tsaya, ku shiga ta biyu. Alamar mai sauƙi ce. Na biyu ya riƙa sauraren E ta ƙasa ta farkon zagayen abokinsa. A zaman farko F# ɗinka ce za ta faɗa a kanta, a na biyu B, a na uku C#, a na huɗu D, haka har ƙarshen zubin. Wanda bai san gidan da zai sauka ba, in ya zame sai ya wuce biyu ko uku bai sani ba, kuma wannan ne kuskuren da na fi gani wurin ɗalibai. Clapping Music na 1972 ma yana taimakawa a nan: tafi ne kawai na mutum biyu, shi ma bugu 12, kuma a cikinsa tsallakawa ake yi kai tsaye ba zamewa ba, don haka yana horar da kunne kan zama a saɓe.

Sai zamewar kanta. Ka yi yadda Reich ya yi: ɗauki zubin a waya na minti biyar ko fiye, ka kunna, ka yi ta gwaji kai kaɗai. Ƙarin saurin da ake bukata ƙanƙane ne ainun. Bugu ɗaya kake son ka ci a cikin zagaye takwas ko goma, wato ɗaya cikin kusan 100. In ka ji a jikinka cewa kana sauri, to ka yi yawa. Ka ɗan jingina gaba ne kawai, ka bar kunnenka a buɗe. Da yawa sukan toshe kunne daga ɗan'uwansu don kar ya ruɗe su, su yi gudu, sannan su buɗe su ga inda suka faɗa. Hakan yana kai mutum, amma shi ne tsallen da na ce ba na so.

Ku yi shawara sosai kan wanda zai riƙe. Mutane sukan ɗauka na biyu ne mai aiki, sai su ba wanda ya fi rauni kujerar farko. A ganina akasin haka ya kamata. Mai riƙewa yana jin ɗan'uwansa yana janye shi, duk jikinsa yana son ya bi, kuma in ya bi ko da kaɗan ne, su biyun za su yi ta ƙara gudu tare ba wanda ya wuce wani, har hannu ya gaji. Wanda ya fi sanyin rai da tsayayyen bugu a cikinku, shi za ku ba. Daga baya ku yi musaya, kowa ya ɗanɗani wahalar ɗan'uwansa.

Tunda aikinka ne ɗauka, ga abin da zan roƙe ka. Ku ɗauka tare, lokaci ɗaya, layi biyu, ɗaya ka tura shi hagu ɗaya dama, amma ba can ƙurya ba, don ƙananan waƙoƙin nan su sami wurin haɗuwa a tsakiya. Kar ka sa mai ƙirga bugu a kunnen kowa. Kar ka bari kwamfuta ta daidaita muku bugu, kwantayiz ɗin nan da kuka saba yi wa waƙoƙin biki, domin zai ɗauki duk zamewar a matsayin kuskure ya goge ta. Kar ka yanka ka liƙa. In zamewa ta bakwai ta ɓaci, ku sake daga farko. Ku sayi takardar kiɗan ta halal, domin kashi na biyu da na uku ba a koyonsu daidai da kunne daga bidiyo, kuma mai kiɗan yana da haƙƙinsa. In za ku kaɗa a taron da ake biyan kuɗi ko ku sayar da ɗaukar, ku nemi izinin kamfanin.

Ranar da za ku kaɗa wa mutane, ku zaɓi ƙaramin ɗaki da jama'a kaɗan, ku ɗauki mafi ƙarancin maimaici a wuraren zama, amma kar ku rage wa zamewa lokacinta. Kafin ku fara, ku kaɗa musu zubin sau biyu, ku nuna musu zamewa ɗaya, ku ce su saurari tsakiyar. In kun gama da wannan kuna son na gaba, akwai Hallelujah Junction na John Adams na 1996 da Four Movements for Two Pianos na Philip Glass na 2008, sai dai su suna bukatar maɓallai 88 masu nauyi da karatun takarda mai zurfi. Kafin nan, ku ɗauki kashi na farko kawai ku aiko mini, hagu da dama a rabe, in saurari zamewarku ta farko da ta shida.